Bagega: Yadda Rubutu a Waya Ya Sa Aka Saki Kuɗin Ceton Yara

Rubutun yau da ɗan tsawo, wanda yake sauri ya ajiye shi sai ya samu natsuwa.

A 'yan kwanakin nan ina ta ganin muhawara a shafukan mutane a kan ko rubuce-rubucen da muke yi a Facebook da X da TikTok game da matsalolin lafiya suna da wani amfani. Wani zai ɗora hoton asibitin garinsu, iska ta yaye rufi, babu ko farasitamol, sai a taru a yi ta Allah-wadai kwana biyu, a wuce. Daga nan sai ka ji masu cewa ai duk ɓarnar data ce, gwamnati ba ta karanta kwamen. Wasu kuma a nasu ganin da zarar magana ta karaɗe soshiyal midiya to an gama aiki. Ni dai ina ganin kafin mu yanke hukunci gara mu waiwayi wani abu da ya faru a Zamfara tsakanin 2010 da 2013, lokacin da da yawa daga cikin masu bibiyata suna firamare. Labarin wani gari ne da ake kira Bagega a Ƙaramar Hukumar Anka, da yadda wasu matasa riƙe da wayoyi suka taimaka aka saki kuɗin da aka yi wata takwas ana jira alhali yara na cikin guba.

YADDA ABIN YA FARO

A watan Maris na 2010 ma'aikatan ƙungiyar MSF, waɗanda gidajen rediyonmu ke kira likitoci na-gari-na-kowa, suna zagayen sa ido kan cutar sanƙarau a ƙauyukan Zamfara. Sai suka ci karo da labarin mace-macen ƙananan yara a yankunan Anka da Bukkuyum. Yaro zai fara da amai da ciwon ciki, sai jijjiga, sai ya suma, sai a wayi gari ya rasu. An ba da maganin zazzaɓin cizon sauro, an ba da na sanƙarau, babu sauƙi. Sai da aka ɗebi jinin yaran aka aika ɗakin gwaji a Turai sannan amsa ta fito: gubar dalma ce.

Daga ina dalma ta shigo gidajen manoma? Daga zinare. Bayan rikicin tattalin arzikin duniya na 2008 farashin zinare ya yi ta hawa, ya haura dala 1,000 a kan kowace oza, har a watan Satumbar 2011 ya kai wajen dala 1,900. Manomin da kakarsa ba ta kai shi wata shida ba ya ga cewa duwatsun da ke bayan garinsu suna da kuɗi a ciki. Sai aka shiga haƙa. Ana ɗebo dutsen a buhu a kawo cikin gari, har cikin gida. A fasa shi da guduma, a daka a turmi, a niƙa shi a irin injin da ake niƙa hatsi, a wanke garin a tace zinaren. Abin da mutane ba su sani ba shi ne dutsen wancan yankin cike yake da dalma. Ƙurar niƙan ta sauka a tsakar gida, a kan tabarma, a kan kwanon abinci, a bakin rijiya. Yaro mai rarrafe kuwa kun san halinsa, hannu a ƙasa, hannu a baki. Kuma jikin ƙaramin yaro yana zuƙar dalmar da ya haɗiya ninki huɗu zuwa biyar na abin da jikin babba ke zuƙa.

Da jami'an hukumar CDC ta Amurka suka zo tare da na Najeriya suka bi gida-gida a ƙauyuka biyu, Dareta da Yargalma, abin da suka tarar ya girgiza kowa. Cikin yara 463 'yan ƙasa da shekara biyar, 118 sun rasu a cikin shekara guda. Wato ɗaya cikin kowane huɗu. A ma'aunin da likitoci ke auna dalmar jini, a wancan lokacin idan ta kai 10 an shiga damuwa, idan ta kai 45 dole a ba da maganin fitar da ita. Kashi 97 cikin 100 na yaran da aka gwada sun kai 45 ko sun haura. Na'urar tafi-da-gidanka da ake gwajin da ita iyakarta 65, kuma jinin mafi yawan yaran ya zarce abin da za ta iya karantawa. Gaba ɗaya an ƙiyasta yara aƙalla 400 ne suka rasu a wannan annoba. Innalillahi wa inna ilaihi raji'un.

ME YA SA BA A BA SU MAGANI KAWAI BA?

Wannan tambayar ita ce mabuɗin labarin, don haka a ɗan natsu a nan. Akwai maganin. Ƙwaya ce da ake ba yaro ta kama dalmar da ke cikin jininsa ta fita da ita ta fitsari. Amma idan ka ba yaro maganin ya koma ya zauna a kan ƙasar da ta sa masa gubar, aikin banza ka yi, har ma kana iya ƙara jefa shi cikin haɗari. Shi ya sa MSF ta kafe a kan cewa sai an share gari sannan za ta fara ba yaransa magani.

Sharar kuwa ba ta tsintsiya ba ce. Sai an kankare saman ƙasar tsakar gida da ɗakuna da lunguna, a zuba a buhuna, a kai wani rami da aka tanada a binne, sannan a kawo sabuwar ƙasa mai tsabta a shimfiɗa. Gida-gida ake yi, da ma'aikata da motoci da na'urar auna ƙasa. Wani kamfanin injiniyoyin muhalli daga Amurka mai suna TerraGraphics da cibiyar Blacksmith ne suka jagoranci aikin tare da ma'aikatan Zamfara, sarakunan gargajiya kuma suka taimaka wajen shawo kan mutane su fitar da niƙan dutse daga cikin gidaje. Tsakanin 2010 da farkon 2011 aka share ƙauyuka bakwai: Dareta, Yargalma, Abare, Sunke, Tungar Daji, Tungar Guru da Duza. Yaransu suka fara samun magani, mace-mace suka ragu ƙwarai.

Sai aka zo kan Bagega, kuɗin tallafi ya ƙare. Ga shi kuma Bagega ta fi sauran girma, nan ne ma babbar cibiyar niƙan dutsen take. An ƙiyasta yara wajen 1,500 ne a garin ke cikin haɗarin gubar. Likitoci na nan kusa, magani na nan a hannu, amma babu halin bayarwa.

A watan Mayun 2012 aka yi babban taro a Abuja a kan matsalar. Maganar da ta fito ita ce Gwamnatin Tarayya za ta saki naira miliyan 850 don sharar Bagega, da kula da lafiya, da koya wa masu haƙa hanyar aiki marar haɗari. Damina ta zo ta wuce. Kaka ta yi. Aka shiga hunturu. Ko sisi bai fito ba.

SAI WAYA TA SHIGO

Ku tuna yadda intanet take a Najeriya a wancan zamanin. Zamanin BlackBerry ne da 2go, WhatsApp bai gama shiga hannun kowa ba, TikTok kuwa ko a mafarki. Amma akwai abu biyu da suka riga suka faru. Na ɗaya, Shugaba Goodluck Jonathan ya buɗe shafin Facebook a watan Yunin 2010, kuma a kan shafin ne ya fara sanar da takararsa ta shugaban ƙasa a watan Satumba na shekarar. Ya gina sunansa a matsayin shugaban da ke sauraren 'yan ƙasa ta intanet. Na biyu, zanga-zangar cire tallafin mai ta Janairun 2012 ta nuna wa matasa cewa ana iya haɗa kan jama'a ta Twitter da Facebook.

A farkon Disambar 2012 ƙungiyar kare haƙƙin ɗan'adam ta Human Rights Watch, wadda dama ta fitar da hotuna da bidiyo kan yaran Zamfara tun farkon shekarar, ta haɗa kai da wata ƙungiyar matasan Najeriya masu fafutukar muhalli da ake kira NYCAN. Abin da suka nemi mutane su yi ƙarami ne: kowa ya shiga shafin Shugaban Ƙasa na Facebook ya tambaye shi dalilin da ya sa bai saki kuɗin da aka yi alkawari a watan Mayu ba. Tambaya ɗaya, ga mutum ɗaya, a ƙofar gidan da shi da kansa ya buɗe.

A daidai wannan lokacin wasu matasa biyu, Hamzat Lawal da Oludotun Babayemi, sun fara wani yunƙuri da suka sa wa suna Follow The Money, wato bin sawun kuɗi. Abin da ya bambanta su da sauran masu rubutu shi ne sun taka da ƙafarsu har Bagega, sun ga garin, sun yi magana da iyayen yaran da masu unguwa, sun dawo da hotuna da bayanai. A watan Janairun 2013 suka tayar da maudu'in #SaveBagega a Twitter. Mutane suka ɗauka a ciki da wajen Najeriya, 'yan jarida suka biyo baya. Sanata Bukola Saraki, wanda a lokacin shi ne shugaban kwamitin muhalli na Majalisar Dattawa, ya je Bagega ya gani da idonsa. Kafin watan Janairu ya fita aka sanar da cewa Shugaban Ƙasa ya amince a saki kuɗin.

Kafin ƙarshen Maris an shiga aikin kankare ƙasa. A watan Afrilu MSF ta fara ba rukunin farko na yaran unguwannin da aka share magani. Zuwa wajen Yuli an kammala sharar garin. Abin da takardu da taruka suka kasa motsawa cikin wata takwas ya motsa cikin 'yan makonni.

TO MENE NE SIRRIN?

A nan ne nake so mu yi wa kanmu adalci, domin idan aka ba da labarin a gurguje sai a ɗauka maudu'in ne kaɗai ya yi aikin. Ga abubuwan da ni na lura da su.

Na farko, buƙatar a fili take. Ba su ce "gwamnati ta gyara harkar lafiya a Arewa" ba, wadda magana ce da kowa zai gyaɗa mata kai kuma babu wanda za a kama da laifin rashin cika ta. Cewa suka yi: naira miliyan 850, alkawarin watan Mayu, garin Bagega, sa hannun Shugaban Ƙasa. Amsar ko dai "an saki" ko "ba a saki ba", babu wajen ɓuya.

Na biyu, akwai hujja a ƙasa. Alƙaluman da ake yaɗawa daga likitocin da suka shekara biyu suna auna jinin yara suka fito, da injiniyoyin da suka auna ƙasar gida-gida. Babu wani jami'i da zai iya fitowa ya ce ƙarya ne ko siyasa ce.

Na uku, akwai wa'adi. Ba a iya wannan aikin sosai idan ruwa ya sauka, hanyar Bagega kan lalace, ƙasa ta jiƙe. Idan ba a fara a cikin rani ba, an ƙara wa yaran kusan shekara guda ke nan a cikin guba. Masu fafutukar sun yi ta nanata wannan, kuma shi ya sa maganar ta zama ta gaggawa.

Na huɗu, kowa ya riƙe ɓangarensa. Likita ya kawo alƙaluma, mai kare haƙƙi ya kai maganar duniya, ɗan jarida ya buga, ɗan majalisa ya shiga inda talaka ba ya iya shiga, matasa suka hana maganar mutuwa. Hannu ɗaya ba ya ɗaukar jinka.

Na biyar, wanda a wurina ya fi duka muhimmanci, ba su watse ba bayan an ce an saki kuɗi. Kowa a ƙasar nan ya san tazarar da ke tsakanin "an amince" da "ya iso". An raba kuɗin ne tsakanin ma'aikatu uku, ta muhalli, ta ma'adinai da ta lafiya. 'Yan Follow The Money suka ci gaba da bibiya, suna komawa garin, suna tambayar nawa kowace ma'aikata ta karɓa da abin da ta yi da shi, suna wallafawa kowa ya gani. Wannan ɓangaren ba shi da armashi, ba ya kawo mabiya, amma shi ne aikin.

Kuma abin bai tsaya a Bagega ba. A 2015 irin wannan guba ta ɓulla a yankin Shikira da ke Ƙaramar Hukumar Rafi a Jihar Neja, yara 28 suka rasu. Nan ma aka yi ta jan ƙafa, nan ma aka tayar da #SaveShikira, aka bi irin wancan salon, sai a 2016 aka yi aikin sharar. Yunƙurin da ya faro daga gari ɗaya a Anka ya zama ƙungiyar Connected Development, kuma a 2019 Follow The Money ta samu lambar yabo ta Majalisar Ɗinkin Duniya.

Sai dai kar murna ta sa mu manta da farashin jinkirin. Maganin yana fitar da dalma daga jini, amma ɓarnar da ta riga ta yi wa ƙwaƙwalwa ba ta gyaruwa. Akwai yaran da suka rayu amma suka makance, akwai waɗanda suka shanye, akwai da yawa da za su yi ta fama da karatu har abada ba tare da an san dalili ba. Yaran Bagega na wancan lokacin yanzu samari ne da 'yan mata. MSF ta ci gaba da aikin gubar dalma a Zamfara har 2022 kafin ta miƙa shi ga hukumomin jihar.

WAYAR DAI, WATA RANA DABAN

Don kar a ce na zo tallar soshiyal midiya, bari in tuna mana abin da ya faru shekara ɗaya da rabi bayan Bagega. A ranar 20 ga Yulin 2014 Patrick Sawyer ya sauka a Legas daga Laberiya ɗauke da cutar Ebola. Tsoro ya cika ƙasa. A daren 7 zuwa wayewar garin 8 ga Agusta wani saƙo ya bazu ta tes da BBM da WhatsApp da kiran waya cewa a yi wanka da ruwan gishiri mai ɗumi a kuma sha, wai yana kare mutum daga Ebola. Duk wanda ya yi wayo a lokacin zai tuna yadda aka riƙa tashin mutane da asuba. Uwa ta kira ɗa, ɗa ya kira ƙanwa, kowa don ƙauna yake yi. Aƙalla mutum biyu suka mutu, wasu aka kwantar da su a asibiti. Cikin dare ɗaya ƙaryar ta ratsa ƙasar daga teku har sahara, alhali gaskiyar Bagega sai da ta shekara biyu tana neman mai saurare.

Amma a cikin wannan annobar dai, waya ta yi aikin alheri. Wasu likitoci da 'yan sa-kai suka kafa Ebola Alert suna amsa tambayoyin jama'a a Twitter da Facebook da layin waya, suna ƙaryata jita-jita. Ma'aikatan da ke bin sawun waɗanda suka yi hulɗa da masu cutar suna shigar da zafin jikin kowa a manhajar waya, bayanin ya isa cibiya nan take. An bibiyi mutum 894, an kai ziyarar ido-da-ido kusan 18,500. Mutum 20 suka kamu, 8 suka rasu, cikinsu har da Dokta Stella Adadevoh wadda ta hana Sawyer fita daga asibiti. Ranar 20 ga Oktoba Hukumar Lafiya ta Duniya ta ce Najeriya ta rabu da Ebola. Ku lura da kamar da ke tsakanin wannan da Bagega: a duka biyun waya ta yi amfani ne saboda akwai mutanen da suka taka ƙasa suka ƙwanƙwasa ƙofa.

ABIN DA YA KAMATA YA DAME MU

Akwai wani abu a labarin Bagega da yake ci mini tuwo a ƙwarya. Gari ne na Hausawa, yaran da ke mutuwa namu ne, amma kusan duk fafutukar da Turanci aka yi ta, kuma akasarin masu yin ta daga Abuja da Legas da ƙasashen waje suke. Allah Ya saka musu da alheri, sun yi abin da ya kamata. A wancan lokacin muna da uzuri, mu 'yan ƙalilan ne a intanet, rediyo ce gatanmu, kuma sassan Hausa na gidajen rediyon waje sun yi ƙoƙari wajen ba da labarin gubar dalma. Yau fa? Yau miliyoyinmu ne a Facebook da TikTok, muna rubutu da magana da harshenmu. Akwai masu mabiya fiye da yawan mutanen wata ƙaramar hukuma. Rigimar mawaƙa biyu ko mutuwar auren wata jaruma kan cinye mana mako guda cur.

Ban ce ba ma komai ba. Ina ganin yadda ake tara wa marasa lafiya kuɗin aiki a nan dandalin, wani lokaci cikin awanni a haɗa miliyoyi. Sadaka ce mai girma, Allah Ya karɓa. Amma mu lura, wannan mutum ɗaya yake ceta a lokaci guda, kuma sau da yawa sai an tallata fuskarsa da ciwonsa ga duniya kafin a tausaya. Gobe wani zai zo da irin ciwon daga garin dai, saboda abin da ya kawo shi yana nan. Salon Bagega tambaya yake yi: ina kuɗin da aka ware don kada a kai ga haka?

Kuma kar mu ɗauka wannan ƙofar a buɗe take kullum. Daga Yunin 2021 zuwa Janairun 2022 an rufe Twitter a Najeriya, wata bakwai. A Satumbar 2021 an katse layukan waya a Zamfara baki ɗaya na tsawon makonni saboda matsalar tsaro. Yankin Anka da waɗancan matasa suka shiga da kyamara a 2012, yau sai mutum ya yi tunani biyu kafin ya kama hanyarsa saboda 'yan bindiga. Wanda ke da sabis da caji da kwanciyar hankalin yin rubutu, to ya san amana ce a hannunsa ta waɗanda ba su da su.

Matsalolin kuwa ba su ƙare ba. Mashaƙo, cutar da allurar rigakafi ke karewa, ya kashe ɗaruruwan yara tun daga ƙarshen 2022, Kano ce ta fi jin jiki. A Katsina MSF ta ce yara 652 ne suka rasu saboda tamowa a cibiyoyinta cikin wata shida na farkon 2025. Kowane ɗaya daga cikin waɗannan yana da nasa "miliyan 850" ɗin a wani wuri, a cikin wani kasafi, a kan teburin wani.

Ga inda nake ganin za mu iya farawa. Dokar Lafiya ta Ƙasa ta 2014 ta kafa asusun kula da lafiya a matakin farko, wanda ake kira BHCPF, ta ce a riƙa zuba masa aƙalla kashi 1 cikin 100 na kuɗin shigar Gwamnatin Tarayya. An fara sa shi a kasafin 2018. Wani kaso na kuɗin ana tura shi ne kai tsaye zuwa asusun ƙananan asibitocin da aka zaɓa a mazaɓu. Shin asibitin mazaɓarku yana cikin jerin? Nawa ya shigo masa a bana? Wa ke cikin kwamitin unguwa da ke sa ido a kai? Dokar 'Yancin Samun Bayanai ta 2011 ta ba kowane ɗan ƙasa damar rubuta wa hukuma ya nemi irin wannan bayanin, ta kuma ba hukumar kwana 7 ta amsa. Sannan tun 2001 shugabannin Afirka suka yi alkawari a Abuja cewa za su riƙa ware kashi 15 cikin 100 na kasafi ga lafiya. Nawa jiharku ta ware, nawa kuma ta saki a zahiri? Waɗannan tambayoyi ne masu amsa, irin na Bagega.

Shawarata ga ƙannena masu shafuka: ku zaɓi asibiti ɗaya ko matsala ɗaya. Ku je ku gani da ido, ku gaisa da mai unguwa da ma'aikatan wurin cikin mutunci, don sau da yawa su ma abin yana damunsu, bakin magana ne ba su da shi. Ku samo adadi da kwanan wata da sunan ofishin da abin ya rataya a wuyansa. Ku nemi izini kafin ku ɗauki hoton mara lafiya, na yaro kuma ku rufe fuskarsa. Ku rubuta da Hausa don mutanen garin su san ana magana a kansu, ku kuma fassara don na Abuja su ji. Ban da zagi, domin zagi yana ba wanda ake tuhuma damar sauya magana. Idan aka yi alkawari ku rubuta ranar, ku dawo bayan wata ɗaya ku tambaya, ku sake dawowa bayan wata uku. Duk saƙon magani ko gargaɗin cuta da ya shigo muku ba tare da sunan hukumar lafiya ko likitan da za a iya tuntuɓa ba, ku bar shi ya mutu a wayarku, ko da daga wanda kuke girmamawa ya fito.

Idan akwai ɗan Anka ko Bukkuyum ko Rafi a cikin masu karatu, ina roƙon ya faɗa mana halin da ake ciki yanzu a sashen kwamen, musamman ko niƙan dutse ya dawo cikin gidaje. Wanda kuma ya san asibitin mazaɓarsu na karɓar kuɗin BHCPF, ya rubuta sunan mazaɓar da abin da ya gani, mu fara tattarawa daga nan.

Allah Ya jiƙan yaran da suka rasu, Ya ba iyayensu haƙuri, Ya ba waɗanda suka rayu da larura sauƙi. Allah Ya kawo mana zaman lafiya a Zamfara da ƙasa baki ɗaya, Ya sa wayoyin nan su zama hujja gare mu ranar gobe. Amin.